Ina zan kai yara yawo a Legas?

'Yar'uwa, tunda kin ce kwana uku kawai za ku yi da yara, kada ki ɓata su a kantuna.

Ki fara da Lekki Conservation Centre, dajin da aka killace tun 1990. Akwai gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsa saman bishiyoyi. Tana lilo, don haka mai tsoron tsayi ya zauna a ƙasa ya kalli birai. Ki riƙe jakar abinci da kyau, biran nan ba su da kunya ko kaɗan.

Ruwa kuma, ni Tarkwa Bay na fi so. Da jirgin ruwa ake zuwa, kuma igiyar ruwan ba ta da ƙarfi kamar ta sauran bakin teku. Kowane yaro ya sa rigar ceto kafin ya hau jirgi, wannan ba wasa.

Gidan tarihi na Onikan yana ajiye da motar da aka harbe Janar Murtala a ciki a 1976, ramukan harsashi suna nan. Manyan yara za su yi shiru a gabanta.

Ku fita da sassafe, kafin cunkoson motoci ya kama.