Kaskon baƙin mai ya ƙi daina yoyo bayan ɗauri biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 da nake zirga-zirga da ita tsakanin Agege da Mile 12. Na faɗa wani rami, kaskon baƙin mai na ƙasan inji ya lotsa, na sayo wani na hannu, wato tokunbo, a kasuwar Ladipo. Sau biyu bakanike yana ɗaura shi da gam, amma kullum da safe sai na tarar da ɗigon mai a ƙasa. Gasket ne bai sa ba, ko gam ɗin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injin 1ZZ-FE da ke cikin motarka bai zo da gasket a wannan wurin ba. Da silikon kamfanin ya liƙe kaskon tun asali, don haka bakaniken bai yi kuskure a nan ba. Inda aka fi ɓata aikin shi ne wajen share fuskar ƙarfen da kuma gaggawar zuba mai.

Amma kafin a sake kwance komai, a wanke injin tas, a tayar da shi na minti goma, a haska tocila daga sama zuwa ƙasa. Shi mai ƙasa yake gangarowa, duk inda ya fito a bakin kasko zai taru. A wannan injin, gasket ɗin murfin sama da zoben roba na abin da ke ɗame sarƙar taimin sun saba yoyo. A duba wasar notin juye mai ma, wato ɗan zoben da ake sa wa notin.

Idan ta tabbata kaskon ne, a juye mai, a kwance kusoshi 14 da noti 2, duk masu kan lamba 10. Kada a cusa sukundireba a ɓamɓare da ƙarfi, don ɓangaren injin alminiyam ne, ƙaramin karce ya isa ya zama hanyar mai. A yanke tsohon gam da siririyar wuƙa.

Nan ne aikin yake. Dole a kankare tsohon silikon gaba ɗaya daga fuskokin biyu, har da wanda ya maƙale cikin ramukan kusoshi, saboda sabo ba ya kama tsoho. Sai a goge da tina ko ruwan wanke birki a tsumma mai tsabta har tsumman ya daina baƙi. Abin da masu sauri ke mantawa shi ne, injin yana ci gaba da ɗigar da mai daga ciki ko bayan an cire kasko. Ɗigo ɗaya ya sauka kan fuskar da aka goge, wurin ba zai liƙe ba. Gara a bar motar ta kwana a buɗe, a lulluɓe ƙasan da leda saboda ƙura, a sake gogewa daf da ɗaurawa.

Kaskon tokunbo kuma sai an bincike shi. A ɗora rula ta ƙarfe a bakinsa, a ga ko haske na wucewa. Sau da yawa gefen ramukan kusoshi ya tasa saboda wani ya taɓa ɗaure shi fiye da kima. Ana iya mayar da su da ƙaramar guduma a kan katako, idan kuwa bakin ya murɗe, a mayar wa mai shi. Tunda tsohon kaskon lotsawa ya yi, a duba rariyar da famfo ke tsotsar mai ta cikinta, ko ta lanƙwashe ko ta toshe.

A nemi silikon na inji mai jure mai, baƙi ko toka, irin ThreeBond ko Permatex. Na liƙa gilashi mai warin tsami ba na wannan aikin ba ne. A ja layi ɗaya wanda bai katse ba, kaurin milimita 4, kwatankwacin wayar cajar waya, ya bi ta gefen ciki na ramukan kusoshi, wato ɓangaren da mai yake. Kada a baje shi da yatsa, kada kuma a lafta. Rarar da ta matse ta ciki tana ɓallewa ta toshe rariya, mai ya daina isa sama, sai inji ya buga.

Cikin minti 3 da shafawa a ɗaga kaskon a miƙe ba tare da goga shi ba. A sa dukkan kusoshin da hannu tukuna, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, ana tsallakawa ɓangare zuwa ɓangare, zagaye biyu. Ƙarfin ɗaurin niwton-mita 9 ne kacal, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Wanda ba shi da sifana mai awo ya riƙe ƙaramar sifana kusa da kanta. Doguwar sanda tana cinye zaren alminiyam.

Kada a zuba mai sai bayan awa 2 aƙalla, mu dai mun fi son a kwana. A sa sabuwar wasa a notin juye mai, a ɗaure shi niwton-mita 37, a zuba kusan lita 4 ana duba sandar awo. Da an tayar, fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, in ba haka ba a kashe injin nan take. Daren farko a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, wurin da ɗigo ya sauka zai nuna inda za a sake dubawa.