Tambaya da Amsa: Idan kuɗin Hanford ya tsaya, ina za mu sa kanmu?

Tambaya: Malam, ina zaune a Kennewick ta jihar Washington a Amurka, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai karɓar kwangila a Hanford, tsohon filin gwamnati da aka sarrafa fulutoniyam na makaman nukiliya, wanda yanzu ake aikin share dagwalonsa. Na ci bashin gida, ga yara a makaranta. Duk shekara idan aka fara ja-in-ja kan kasafin kuɗi a Majalisa sai barci ya ƙaurace mini. Abokan aiki suna cewa in kwantar da hankalina, wai yankin ya daina dogaro da gwamnati tunda kamfanoni sun yi yawa. Gaskiya ne? Kuma idan zan buɗe sana'ata, ina zan dosa?

Amsa: Ɗan'uwa, rashin barcinka yana da dalili. Kuɗin share dagwalon Hanford, wanda ya kai wajen dala biliyan 3 a shekara, Majalisa ce ke amincewa da shi shekara-shekara, babu wanda ya rubuta muku shi gado. Ba na ganin zai yanke dare ɗaya: akwai galan miliyan 56 na dagwalon nukiliya a tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa, ga kogin Columbia a gefe, ga yarjejeniyar 1989 da ta ɗaure Ma'aikatar Makamashi a gaban jihar da hukumar kare muhalli. Abin da ke faruwa shi ne hawa da sauka, kuma saukar a kan ƙananan 'yan kwangila irin kamfaninku take fara faɗawa.

Yanzu ga maganar abokan aikinka, wadda nake ji kusan kullum har ta ishe ni. Yawan kamfanoni ba shi ne yawan hanyoyin samu ba. Guga goma ne a rijiya ɗaya. Ranar da ruwa ya ja baya, duk a bushe za su fito. Ɗauki kamfaninku. Wa ke biyanku? Babban ɗan kwangila. Shi wa ke biyansa? Ma'aikatar Makamashi. Mai sayar muku da takalman aiki da hular kwano, mai motar sayar da abinci da ke fakawa bakin hanya da azahar, dillalin da ya sayar maka da gida, duk wannan dalar suke juyawa. A takardar ƙididdiga za a rubuta wannan "ciniki", wancan "gine-gine", wancan "abinci", sai wani ya zo taro da allon hoto mai launi-launi ya ce tattalin arziki ya faɗaɗa. Ina ya faɗaɗa?

Har cibiyar bincike ta PNNL da ke Richland, wadda ƙungiyar bincike ta Battelle ke gudanar wa gwamnati tun 1965, ana lissafa ta a matsayin hujja. Cibiya ce mai daraja, ta tara masana dubbai, amma mafi yawan kuɗinta daga gwamnatin tarayya yake fitowa. Ta rage dogaro da aikin shara, ba ta rage dogaro da Majalisa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yankin ya sha ɗanɗana wannan. A 1982 aka dakatar da ginin tashoshin lantarkin nukiliya biyu na hukumar samar da lantarki ta WPPSS a filin Hanford, dubban ma'aikata suka watse, a 1983 kuma hukumar ta kasa biyan bashin dala biliyan 2.25. Cikin tashoshi biyar da ta tsara, ɗaya kaɗai aka kammala. A 1987 aka kashe tukunyar nukiliya ta N, ta ƙarshe mai samar da fulutoniyam a Hanford. A 2009 aka zubo kusan dala biliyan 2 na farfaɗo da tattalin arziki, aka ɗebi mutane, da kuɗin ya ƙare a 2011 aka sallami fiye da dubu. Duk da haka sai ka ji mai ba da shawara da aka biya maƙudan kuɗi yana cewa maganin dogaro da nukiliya shi ne ƙarin nukiliya. A 2024 Amazon ta shiga shirin gina ƙananan tukwanen nukiliya tare da Energy Northwest (sabon sunan WPPSS) da kamfanin X-energy kusa da Richland. Ina yi musu fatan alheri, don kuɗin 'yan kasuwa da wutar sayarwa sun bambanta da kason gwamnati. Amma kada ka ci bashi a kan tashar da ba a gina ba. Mutanenmu na Nijar sun ga irin wannan a Akokan, lokacin da aka rufe mahaƙar yuraniyam ta Cominak a ƙarshen Maris 2021: ba masu haƙar yuraniyam kaɗai abin ya taɓa ba, har tela da mai shayi.

Akwai faɗaɗawa ta gaskiya a yankinku, sai dai ba ta da ƙyalli. Noman rani da ruwan Columbia, dankali da kamfanin Lamb Weston ke sarrafawa a kai ƙasashen waje, gonakin inabi na Red Mountain, manyan rumbunan kaya a Pasco, asibitin Kadlec da ya fara a matsayin asibitin ma'aikatan Hanford yanzu yake karɓar marasa lafiya daga garuruwan kewaye. Masu biyan waɗannan ba su san ranar da Majalisa ke zama ba. Matsalarsu ɗaya: albashin ma'aikatar dankali bai kai na Hanford ba, shi ya sa injiniyoyi ke raina su. Sannan ka dubi jinkirin hukuma. An kafa ƙungiyar da ta zama TRIDEC, mai neman bunƙasa tattalin arzikin yankin, tun 1963 don wannan damuwar, amma sai 2015 gwamnati ta miƙa mata eka 1,641 na filin Hanford domin masana'antu.

Game da sana'arka, zauna da takarda ka rubuta sunan duk wanda kake sa ran zai saya a wurinka, ka bi kuɗinsa baya har inda ya ɓuɓɓugo. Idan fiye da rabi suka koma Ma'aikatar Makamashi, ba ka bar Hanford ba. Ƙwarewarka a tsaron lafiyar ma'aikata, walda mai takardar shaida, ko gyaran famfo da bututu, masana'antun abinci da manoman rani suna neman ta. Fara nemo abokin ciniki ɗaya daga cikinsu tun kana ɗaukar albashi, ka tara abin da zai biya bashin gida na wata shida, kuma ka tabbata kai da uwargida ba ku duka biyu kuke cin abinci daga kwangilar tarayya ba. Allah ya rufa asiri.