Ta ina zan fara gasar cin abinci?

Kana tambaya ta ina sabon shiga zai fara gasar saurin cin abinci. Ka fara da ƙananan gasa masu ma'aikatan lafiya a wurin, kuma sai ka cika shekara 18, don Major League Eating, ƙungiyar da ke shirya irin wannan gasa a Amurka, ma ba ta ɗaukar wanda bai kai ba.

Amma don Allah kar ka riƙa gwaji kai kaɗai a ɗaki. Da idona na ga loma ta maƙale wa wani yaro a maƙogwaro, idonsa ya yi jawur ya kasa ko tari, wallahi da ba mu kusa da shikenan. Ɗura ruwa don buɗa ciki ma ka rabu da shi, yana tsinka gishirin jini har mutum ya sume.