Likita, sun ce bangon tumbina ya canza, kansa ce ke tafe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Dan Allah an zura min kyamara ta baki aka yanko ɗan nama daga tumbina, rizol ya fito wai garkuwar jikina ce ke cin bangon tumbin har ya sirance ya fara rikiɗewa kamar na hanji. Ina shan allurar B12 duk wata, amma wallahi tunda naji ance abin na iya zama kansa ban ƙara barcin kirki ba.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, wannan rikiɗewar ba kansa bace. Garkuwarki ce ke kashe ƙwayoyin da ke samar da asid da sinadarin da ke taimakawa jiki ya tsotsi B12, shi yasa jini ke ƙaranci, sai jiki ya cike gurbin da ƙwayoyi irin na hanji. Tun 1975 wani likita mai bincike, Pelayo Correa, ya bayyana matakan da tumbi ke bi kafin a kai ga kansa: kumburi, sirancewa, rikiɗewa, lalacewar ƙwayoyi, sannan kansa, tafiya ce ta shekaru masu yawa kuma mafi yawan mutane basa kaiwa ƙarshenta.

Abinda ban gani a wasiƙarki ba, kuma shi yafi damuna, shine ko an miki gwajin H. pylori, wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi. Ƙwayar cutar nan tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta sakata cikin masu jawo kansa kai tsaye, kuma binciken baya-bayan nan na nuna cewa kaso mai yawa na haɗarin da ake jingina wa ciwonki daga gareta yake, to in tana nan a kasheta da magani, a sake gwaji a tabbatar ta mutu.

Abinda aka fi gani a masu irin ciwonki wasu ƙananan tsiro ne da ke fitowa saboda rashin asid yasa sinadarin gastirin, mai sa tumbi ya fitar da asid, yayi yawa, galibi basa yaɗuwa, da kyamarar ma ake ciresu. Shi yasa ƙa'idar likitocin Turai ta 2019 tace a riƙa leƙawa duk shekara 3 zuwa 5. Allurar tana cike gurbin B12 ne kawai, bata gyara tumbin, kada jin sauƙi yasa ki tsallake ranar kyamara. A duba miki sinadarin ayon (ƙarfen jini) da tayirod ɗin da ke maƙogwaro ma, ciwon tayirod na yawan zuwa tare da irin ciwonki.

In kika ga rama ba dalili, baƙin bayan gida, aman jini ko abinci na maƙalewa, kada ki jira ranar, ki koma asibiti.