Ƙanena mai ƙwallo, kar ka yi gaggawar ajiye ta

Wallahi tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce kana jami'a a Amurka da burin shiga makarantar likitanci, amma atisayen ƙwallo ya faɗo daidai lokacin lab ɗin Organic Chemistry, wato darasin ɗakin gwaje-gwaje, makinka na ta sauka, har kana tunanin ajiye wasan, alhali da shi ake biya maka makaranta. Ni gudun mita 800 na yi a Division I, babban rukunin wasannin jami'o'in Amurka, na sha wannan wuyar.

Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta cewa kar atisaye da gasa su wuce awa 20 a mako, a takarda take. Tafiya gasa ba ta cikin lissafi, zama wurin masu duba rauni ba ya ciki, balle atisayen da suke kira na ganin dama, wanda kowa ya san in ka ƙi zuwa za ka gani a ƙwaryarka.

Kocinmu, Allah dai ya isa. Na kai masa jadawalina cikin ladabi, ya ɗaga takardar a gaban 'yan tim, ya ce shi bai ɗauko likita ba, mai gudu ya ɗauko, in koma kwas mai sauƙi kamar kowa. Aka yi ta dariya. Da tsokar cinyata ta yage, mutumin nan ko sannu bai ce min ba, sai ya wuce ni a filin kamar bai taɓa ganina ba, ya kuma san tallafina shekara-shekara ake sabuntawa, sai ya riƙa jefo maganar. Ga azumi, ga sanda ina dogarawa, ga jarrabawa washegari, ga Hajiya tana kira daga gida tana tambaya yaushe zan zama dakta. A banɗakin laburare na yi kuka. Har yau in na ji ƙarar usur raina ɓaci yake.

To, abin da ya cece ni: duk kwas mai lab na tura shi lokacin bazara. Ka je wajen malamin da kanka tun makon farko da ranakun tafiyarka, kar ka bar wa ofishin 'yan wasa, su damuwarsu kawai ka cika kiredit 12, wato mafi ƙarancin kwasa-kwasan da ake buƙata a zango, ka ci gaba da bugawa. Makin kimiyya daban AMCAS, tsarin da ake neman makarantun likitanci ta cikinsa, ke lissafa shi, kwas mai sauƙi ba ya rufe ramin.

MCAT kuwa, jarrabawar shiga makarantar likitanci, don Allah kar ka taɓa ta ana tsakiyar kakar wasa. Zaman fiye da awa bakwai ne. Ka gama digiri, ka ɗauki shekara guda ka yi shiri, ka miƙa takardunka da wuri a watan Yuni. Ba abin kunya ba ne, rabin waɗanda na sani haka suka yi. Kuma likitan tim ɗinku, ka roƙe shi ka riƙa bin sa asibiti, ta nan na samu wasiƙar shaida mafi ƙarfi.

Ka riƙa barci, ka daina rayuwa a kan indomi.

Abu ɗaya ba ka faɗa ba: da wace takarda kake zaune? In F-1 ce, wato bizar ɗalibi, makarantun likitanci da ke karɓa kaɗan ne, kuma ba rancen gwamnatin tarayyar Amurka. Ka fara gaya min wannan, sai mu duba jadawalin naka tare.