Busa algaita na maganin minshari? Amsoshin likita

Tambaya: Likita, na ji wai busa sarewa ko algaita yana maganin minshari da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya. A 2006 wasu likitoci a Switzalan suka wallafa bincike a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, kan mutum 25 masu matsakaiciyar matsala. Aka sa wasunsu koyon busa didgeridoo, dogon bututun itace na 'yan asalin Ostireliya, kimanin minti 25 a rana. Bayan wata huɗu gyangyaɗin rana ya ragu, ɗaukewar numfashin ma ta ragu. Ana ganin busar tana ƙarfafa naman maƙogwaro da ke saki ya toshe hanyar iska idan barci ya yi nauyi. Salon ma ba baƙo ba ne a wurinmu: haka mabusan algaita ke yi a fada, kumatu a kumbure, suna shaƙa ta hanci sautin bai yanke ba. Sai dai mutum 25 ba su da yawa, kuma sauƙi aka samu, ba a warke ba. Ka yi busarka, amma ka fara zuwa asibiti.

Tambaya: Ɗana yana da asma. Zai iya koyon sarewa?

Amsa: Zai iya, in ciwon ya lafa. Kada dai a raba shi da maganin shaƙarsa.

Tambaya: Maigidana direba ne, yana da jiki. Yana minshari har numfashinsa ya tsaya, sai ya zabura kamar an shaƙe shi. 'Yan uwa sun ce a kira wanzami ya cire masa belu, shi kuma yana shan ƙwayar barci daga kemis.

Amsa: Hajiya, don Allah ya ajiye ƙwayar nan, in kuma ya daɗe yana sha, likita ya nuna masa yadda zai rage. Zaburar da kike gani ita ke ceton sa: iska ta yanke, ƙwaƙwalwa ta tashe shi ya ja numfashi. Ƙwayar barci irin su diazepam, da maganin tari mai kodin, suna ƙara sakin maƙogwaro, su kuma danne wannan farkawar.

Maganar belu kuwa, wallahi ta ishe ni. Toshewar tana faruwa a bayan harshe da bangon maƙogwaro, inda askar wanzami ba ta da abin yi. Abin da ake kwasowa shi ne zubar jini, sandarewar tsokar jiki ko ciwon hanta daga ƙarfe mara tsafta.

Ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci yana jawo hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga shi direba, ɗauke da rayukan mutane. Ya dakata da doguwar tafiya, ki raka shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a babban asibiti, don ke kika san abin da ke faruwa da dare. Za a iya yi masa gwajin barci, a ba shi na'urar CPAP mai tura iska ta hanci. Kafin nan ya riƙa kwanciya kan gefen jikinsa, ya rage ƙiba. Ku je a makon nan, kada ku jira.

Tambaya: Mu uku ke busa kakaki ɗaya. Da matsala?

Amsa: A wanke bakinsa bayan kowa ya busa. Wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitin gwamnati.