Tambaya da Amsa: Koya wa Yaro Dabbobin Gida da Littafin Hotuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saya wa ɗana mai shekara 4 littafin hotunan dabbobin gida, bugun Ingila, amma a birni muke zaune kuma ba mu kiwo. Ta yaya zan yi amfani da shi har ya san dabbobin sosai? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana shi. Abin da ya kamata ki fara lura da shi shi ne, dabbobin da ke cikin irin waɗannan littattafai sun bambanta da namu: saniyarsu mai dabbare-dabbaren baƙi da fari ba ta da tozo, tunkiyarsu kuma ulu ya lulluɓe ta, alhali abin da yaronki zai gani a hanya shi ne saniyar Bunaji fara mai dogayen ƙahoni, da tumaki irin Balami da Uda, da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Idan aka bar shi da hoton kaɗai, yana iya haddace shafin tsaf, ya kuma kasa gane ragon layya a ƙofar gidanku, wannan kuwa asara ce da ke damuna ƙwarai.

Saboda haka kada ki matsa sai kun gama littafin a zama guda. Ki ɗauki dabba ɗaya, ki bar shi ya nuna ta da yatsa, ya kwaikwayi carar zakara ko haniniyar doki, sannan ki faɗa masa da Hausa sunan namiji da macen da ɗansu: bijimi, saniya da maraƙi, doki, goɗiya da duƙushi, zakara, kaza da ɗan tsako. Daga nan sai ki tambaye shi inda take kwana, a akurki ko a turke, da abin da take ci, dusa ko harawa, da amfanin da muke samu, kamar nonon da yake sha da fura. Yara na son jin cewa kaza kan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe.

Raƙumi da zabo ba kasafai suke fitowa a bugun Turai ba, sai ki ɗauko hotonsu a waya ki haɗa masa. In hali ya yi, mahaifinsa ya kai shi kara, wato kasuwar dabbobi, ko gidan maƙwabta masu kiwo da littafin a hannu, ya gwada hoto da dabbar mai rai, a tsayar da shi nesa da ƙaho da kofato, a kuma wanke masa hannu da sabulu bayan ya taɓa su.